Magajin da Ba a Taɓa Haifa Ba

Watan nan Babanmu ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan watan ya kama, abin da nake yi bai wuce in dafa abinci in rarraba wa maƙwabta, in karanta abin da ya sawwaƙa, in yi masa addu'a ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan ɗauki biro in rubuto wa jarida a kansa ba. Ni matar gida ce, bokona a sakandare ya tsaya, rubutuna kuma bai cika wuce sunayen kayan cefane ba. To amma bana an kai ni bango. An ce Baba ya ci amanar tarihin gidanmu, an faɗa a gaban jama'a, shi kuwa yana inda ba zai iya ba da amsa ba. Tunda a fili aka faɗa, ni ma a fili zan faɗi abin da na sani.

Gidanmu yana cikin birni, ba nisa da Ƙofar Kibo, shi ne ake ce wa Gidan Magajin Marke. Wanda ba ɗan unguwa ba zai tambaya, ina ne kuma Marke? Wani ɗan gari ne a kudu da birni, tafiyar yini guda a ƙasa. Tun kafin jihadi kakanninmu ke riƙe da shi, da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ba a can suke zaune ba. Magaji yana birni kusa da fada, jakadansa ne ke kai da kawowa: ya tafi da umarni, ya dawo bayan girbi da dawa da zuma da auduga, Magaji ya ɗebi nasa ya miƙa na sama. Idan yaƙi ya taso, shi ke fito da mazajen Marke. Da Turawa suka zo suka yi ta haɗe ƙananan ƙasashe cikin manya, sai Marke ta koma hannun wani hakimi, mu kuma aka bar mu da rawani da wurin zama ranar gaisuwa. Yau ko tiyar dawa ɗaya ba ta zuwa daga can. Rabona da garin tun ina amarya, kuma na tabbata da zan je yau in tare saurayi a kasuwarsu in ce masa ga 'yar gidan Magajinku, sannu da zuwa kawai zai ce mini ya ci gaba da latsa wayarsa.

A kan wannan rawanin ne 'yan'uwana suka kusa shekara ba sa gaisawa.

Baba malamin firamare ne, da yamma kuma yana ba da karatu a zaure. Shi ne babba a ɗakinsu, don haka da mahaifinsu Magaji Aliyu ya rasu, shi aka fara yi wa maganar sarauta. Ya ce a ba ƙanensa, wanda muka tashi muna kira Baffa Magaji. Idan aka tambaye shi dalili sai ya ce kansa ƙarami ne, rawanin zai sauko ya rufe masa ido ya kasa karatu. Abin da ya riƙe wa kansa takarda ce guda ɗaya ta ajami, a cikin tsohuwar gafaka, mai ɗauke da sunayen Magajan Marke su goma sha uku, daga Bagudu maharbi da aka ce shi ya sari garin, har zuwa Baffa. Na sha zama kusa da shi ina tsintar shinkafa yana karanto su. Huɗun farko duk ya rubuta "an ce" a gaban sunansu. Na taɓa tambayarsa me ya sa, ya ce, "Don ban gani ba, wanda ya faɗa mini ma bai gani ba. Ba zan je gaban Allah da shaidar abin da ban tabbatar ba."

Akwai na bakwai, Jatau, wanda aka tuɓe bayan wata bakwai saboda ya ƙwace gonar marayu. Wani dattijo a danginmu ya taɓa zuwa takanas ya roƙi Baba ya goge wannan layin, wai abin kunya ne ga gida. Baba ya ba shi tabarma, ya sa aka kawo masa fura, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ai Jatau ya fi sauran amfani a takardar, don shi kaɗai ne yake tsorata mai rawani. Bai goge ba. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: mutumin da ya ƙi cire azzalumi don rufin asirin gida, shi ne yau ake cewa ya cire mutumin kirki don son kai.

Sunayen nan ba daga littafi Baba ya samo su ba. Yawanci daga bakin mahaifiyarsa ne, Kaka, wadda aka kawo gidan tana yarinya ta kuma tarar da tsofaffin da suka haddace su. Kaka mace ce mai kunya irin ta da, kunyar da yaran yanzu za su ɗauka wasan kwaikwayo ne. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, sai dai "na ɗakin nan". Uban mijinta kuwa, Magaji Musa, na goma sha ɗaya a jerin, ko kusa da sunansa ba ta bi. Kallamu take ce masa, laƙabin da ake yi wa duk mai suna Musa. Ko mage ba ta kira da "mus-mus" kamar kowa, sai dai ta ƙwanƙwasa kwano. Wanda kawai take kama sunansa gatsal shi ne Hamza, ƙanen mijinta, don abokin wasanta ne.

Ina 'yar shekara goma Baba ya aro rikoda, ya zaunar da Kaka a tsakar gida da hantsi, ya ce ta jero sunayen ya ɗauka a kaset. Da zai rasu, takardar ya ba ƙanena, kaset ɗin kuma ya ba ni. Ƙanen nawa sunan Magaji Musa ya ci, shi ya sa a gida Abba muke ce masa, a waje kuma Injiniya. Na ajiye kaset ɗin a ƙasan akwati cikin zannuwan aurena, ban ƙara bi ta kansa ba.

Bara Allah Ya yi wa Baffa Magaji rasuwa, rawani ya zama ba kai. Sai matasan dangi suka kafa kwamiti, wai za su fito da tarihin gida a kalanda kafin a yi sabon naɗi. Na yi murna, har ga Allah. Suka karɓi takarda wurin Abba, suka karɓi kaset wurina, suka kai wani shago a unguwar Kongo aka juye musu muryar Kaka cikin waya. Ba su tambayi kowa komai ba. Da suka kwatanta biyun sai suka ga takarda ta ce Musa, shekara goma sha tara, ya haifi Aliyu. Kaka kuma ta ce Kallamu, uban Hamza, suka kuma ji kamar ta ce shekara ashirin da ɗaya. Nan take suka yanke hukunci: tsufa ya sa Kaka ta tsallake Musa, Baba kuma ya tsallake Kallamu. Suka haɗa biyun suka jera. Da kalanda ta fito, Magajan Marke sun zama goma sha huɗu.

Wai har da hotuna. Mutanen da suka rasu tun ba a san kyamara ba, na'ura ta ƙera musu fuska. Musa fari ne mai saje, Kallamu baƙi ne riƙe da takobi, hannunsa na dama da yatsu shida. Bagudu maharbi yana sanye da alkyabbar da ko a mafarki bai taɓa gani ba. "An ce" ɗin Baba duk an share, an sa shekaru daram kamar an samo su daga asibitin haihuwa. Jatau kuwa an ba shi zaki a gefe, maganar gonar marayu ko alama. Na tsaya a gaban kalandar nan ina tunanin me Baba zai ce. Ina jin zai cire tabarau ne ya goge, ya mayar, ya sake dubawa, kamar yadda yake yi idan ɗalibi ya kawo masa amsar da ta fi ƙarfin duka.

Da a nan abin ya tsaya da dariya kawai za a yi. To akwai Yaya Sabo, jikan Hamza, babban ɗan kasuwar hatsi. Dole in yi masa adalci. Hamza ya rasu da ƙuruciya a hanyar fatauci, ɗansa ya tashi a dangin uwa, sai da ya girma ya dawo unguwa. Su ɓangarensu tun da aka sa su a makarantar boko "Kallamu" aka rubuta musu a matsayin sunan kaka, don shi suka ji a bakin iyayensu mata. Mu kuma aka rubuta mana "Musa". Tsofaffi duk sun san mutum ɗaya ne, abin da kowa ya sani kuwa ba wanda ke ɓata bakinsa ya faɗa. Sai tsofaffin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Yaya Sabo ya daɗe yana jin kamar a bakin tabarma ake ajiye su a gidan nan, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Da ya ga kalanda, sai ya ga abin da zuciyarsa ta daɗe tana nema: ashe nasu kakan ma ya yi sarauta, har ya fi daɗewa a kai, amma babu shi a takardar Malam, wato Babanmu.

A wurin wani ɗaurin aure a ƙofar gida ya fara faɗa. Daga baya ya maimaita a saƙon murya cikin guruf ɗin dangi na waya, minti bakwai cur. Ya ce Malam ya san gaskiya ya danne, ya goge Kallamu don rawani ya dawwama a ɗakin Aliyu, kuma ƙin karɓar sarautar da ya yi duk rufa-ido ne. Ina tuƙa tuwo 'yata ta kunna mini. Na ajiye muciya na zauna a kan turmi. Baban da ko allin makaranta bai yarda ya kwana a aljihunsa ba, sai ya koma ya mayar.

Sai kuma nawa ƙanen ya ɗauko nasa petur. Maimakon ya zo ya tambaye ni, ya shiga guruf ya ce shi ya yi bincike, Kallamu ba ɗan gida ba ne, jakada ne, asalinsa ma bawan gidan ne da aka riƙa aika Marke, in ma ya taɓa riƙe wani abu to riƙon ƙwarya ne. Inda ya samo wannan binciken, Allah kaɗai Ya sani. Na aika aka kira mini shi. Ya zo bayan azahar, ko zama bai yi niyya ba.

Na ce, "Abba, wa ka kira bawa?"

Ya ce, "Yaya Binta, ki bar maganar nan, ta maza ce."

"Ta maza ce, amma muryar mace kuka ɗauka kuka yi kalandar da ita. Kallamu shi ne Musa. Kakan Baba. Mai sunanka."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta masu digiri. "Na san ana ce wa Musa Kallamu, ai ba yaro ba ne ni. Amma Musa nawa ne a duniya? Ki duba shekarun ma. Namu sha tara, nasu ashirin da ɗaya. Kaka ce ta faɗa da bakinta, ga shi a waya."

Ya kunna. Muryar tana ta shuu kamar ana ruwa a kan kwano, amma na ji ta sarai. Na ce, "Ashirin ba ɗaya ta ce. Ba ɗaya. Haka mutanen da ke ƙirga. Ashirin babu ɗaya nawa ke nan, Injiniya?"

Ya sake kunnawa, sannan ya ce kunnena ne ya ji abin da yake so ya ji. Ya sa takalmi ya tafi. Yaron da na goya.

Daga nan gida ya rabu biyu, 'yan Musa da 'yan Kallamu. Kowane ɓangare ya kai takardar neman rawani fada, aka ce musu su koma su daidaita tsakaninsu tukuna. Aka yi suna a gidan Yaya Sabo ba a aiko mana da goro ba. Aka yi rasuwa a ɓangarenmu, suka zo jana'iza suka tsaya can gefe kamar baƙi. Hajiya Rabi, matar Yaya Sabo, wadda muka yi makarantar allo tare, muka yi haihuwar fari wata ɗaya, ta wuce ni a keke-napep a bakin kasuwa ta kawar da kai. Wannan ya fi komai yi mini ciwo bayan maganar Baba. Na yi ta tunani, a ce jikokin mutum ɗaya suna gaba, rabi suna kare shi da sunansa na yanka, rabi suna kare shi da laƙabinsa, kowa yana zagin kakan ɗan'uwansa, alhali kakan nasa ne. Wane irin hisabi za mu yi a kan wannan?

Na je wurin mazan gidan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce in yi haƙuri. Wani ya ce ai ni 'yar Malam ce, dole in kare shi. Akwai ma wani dattijo da na tabbata ya san gaskiya, don a gabansa Kaka ta sha faɗin Kallamu, amma ya ce shi tsufa ya fara taɓa masa tunani. Tunanin bai taɓu ba ranar da ake rabon shinkafar kwamiti.

Wata safiya ina tsintar shinkafa, irin zaman da nake yi ranar da aka ɗauki muryar Kaka, sai abin ya faɗo mini. Na tuna Baba ya buɗe rikodar ya juya kaset. Na tuna kukan yaro. Abin da ke wayar Abba kuwa a kan sunan Baffa ya ƙare ɗif. Na tashi na buɗe akwati. Kaset ɗin yana nan cikin ledar da 'yan kwamiti suka dawo mini da shi. Ashe mai shagon fuska ɗaya ya juye, su kuma yaran ba su ma san kaset yana da baya ba.

Samun rikoda a garin nan yanzu sai da na sha yawo. Maigidana ne ya raka ni wurin wani tsohon mai gyaran rediyo a kasuwa, ya zaƙulo wata daga ƙarƙashin tarkace, ya hure ta, ya sa biro ya ɗaure zaren kaset ɗin. Ya danna. Muryar da ta fara fitowa ta Baba ce, yana da ƙuruciyarsa, yana gyaran murya kamar yadda yake yi kafin ya fara karatu. Shekara goma sha biyu ban ji ta ba. A tsakiyar kasuwa, mutane na wucewa, na ja mayafi na rufe fuska. Mai gyaran, Allah Ya saka masa da alheri, ya juya baya ya kama goge wata rediyon da ba ta bukatar guga.

Na roƙi limamin unguwarmu ya tara su. Ranar Juma'a bayan la'asar suka cika zauren Baba, 'yan Musa a dama, 'yan Kallamu a hagu, ba mai kallon wani. Ni na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ciki, na tura rikoda tsakiya. Yaya Sabo ya ce shi ya riga ya ji kaset ɗin nan sau goma. Na ce, "Gabansa ka ji, Yaya Sabo. Yau bayansa za ka ji."

Baba ya yi gyaran murya a cikin rikodar, ya ce, "Inna, saura abu ɗaya. Ki faɗi ainihin sunan Kallamu, saboda na baya."

Sai muryar Kaka, a tsawace: "Ni? Uban mijina? A bakin nan nawa? Ka rubuta a takardarka, kai da boko ya cinye wa kunya."

Aka ji Baba yana dariya. "To ni zan faɗa. Kallamu shi ne Magaji Musa, shekara goma sha tara, mahaifin Aliyu da Hamza, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka ne, Inna?"

"Haka ne, tashi ka ba ni wuri. Wa ya ce maka akwai ranar da za a manta wannan?"

Daga nan aka ji wani abu ya faɗi, sai Kaka ta ɗaga murya: "Kai, Kallamu ƙarami, sauko daga kan turmin nan kafin ka fasa baki. Taurin kai sak na mai sunan." Sai kukan yaro ya cika zauren, kuka mai ƙarfi na ɗan shekara uku da aka hana abin da yake so.

Na kashe rikodar. Yaya Sabo ya cire hula ya riƙe a hannu yana kallon cikinta. Liman ne ya fara magana, ya dubi ƙanena ya ce, "To Injiniya, bawan nan da ka binciko, ashe sunansa ka ci. Ga shi har muryarka ta ba da shaida." Wani ya tuntsire da dariya a hagu, wani ya kama a dama. Abba bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗunsa suna rawa. Bai san Kaka ba sai a labari, don ta rasu yana ɗan shekara uku, kuma ran nan ne ya fara jin ta kira shi.

Da za a watse, Yaya Sabo ya matso bakin ƙofar da nake, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi mini ba don ya girme ni. Ya ce, "Binta, ki yafe mini."

Na ce, "Ba ni ka yi wa ba, Yaya Sabo. Wanda ka yi wa yana kwance. Shi addu'a ce tasa, sai kuma ka gyara a inda ka ɓata."

Ya gyara kam, ban musa ba. Ya aika saƙon murya a guruf, ya ce ya yi kuskure, Malam mutumin amana ne. Sai dai zargin minti bakwai ne, gyaran bai cika minti ɗaya ba, rabinsa ma tari ne. Zargin ya fita daga dangi, ya zaga wayoyin mutanen da ba su taɓa ganin Baba ba, har wata da muka haɗu a asibiti ta tambaye ni ko gidanmu ne aka ce wani malami ya goge sunan sarki. Gyaran kuwa a cikin gida ya tsaya. Ba wanda ke tura wa abokinsa saƙon da aka ce "na yi kuskure", ba shi da daɗin ji. Abin da ya sa na rubuto ke nan. Duk wanda na farkon ya je wa, ga na biyun.

Rawanin har yau yana naɗe a cikin akwatin Baffa. Yanzu kuma sabuwar rigima ce, Abba ya ce a ba Yaya Sabo, Yaya Sabo ya ce shi kunya ba za ta bar shi ba. Wannan ba ruwana, su ƙarata. Abin da ya dame ni na samu. Hajiya Rabi ta zo gidana da kwanon dambu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa sai da na jawo hannunta. Muna ci ta ce, "Ashe duk wahalar nan jikokin Mu..." sai ta dafe baki, ta tuna kakan mijinta ne, ta ce, "jikokin Kallamu ne gaba ɗaya." Muka yi dariya har da hawaye. Na ce mata ai daga nan aka fara.

Nakan tambayi kaina me Baba zai gani a zamanin nan da ya dawo. Zai ga kowa da na'urar ɗaukar murya a aljihu, amma ba mai haƙurin sauraron tsohuwa har ta kai ƙarshen zancenta. Zai ga jikokinsa sun san sunayen 'yan ƙwallon ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, amma ba su san ashirin ba ɗaya ba. Ban ce kunyar Kaka laifi ba ce, ni ma a kanta na tashi, ina kuma son ta. Amma kunyar tana tafiya ne da wanda zai zauna ya yi wa yaro bayani, wane ne ake ɓoye sunansa, don me. Mun riƙe rabin al'adar mun yar da rabi, sai laƙabi ya tashi ya zama mutum, har na'ura ta ba shi takobi. Baba ya hango wannan tun ina tsintar shinkafa a gefensa. Kaka ta ce ba ranar da za a manta, shi kuwa bai yi mata musu ba, ya dai bar rikodar tana juyawa.

Bai bar mana gona a Marke ba, bai bar rawani ba, gidan ma na gado ne da ya tarar. Abin da ya bari takarda ce guda mai "an ce" huɗu da Jatau a tsakiyarta, da kaset mai fuska biyu. Da su ya kare kansa daga cikin kabari, ya kuma mayar da gida biyu gida ɗaya, ba tare da ya ɗaga wa kowa murya ba, kamar dai yadda ya saba. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta wa Kaka da Baffa, da Magajan Marke su goma sha uku, har da Jatau, don ya fi kowa bukata.

Kalandar tana nan rataye a gidaje da shaguna, shekararta ta wuce amma an bar ta saboda hotuna. Tawa ma ban cire ba. Na sa biro na ja layi daga farin mai saje zuwa baƙin mai yatsu shida, na rubuta a tsakani: mutum ɗaya ne. Duk mai ita a gidansa, ina roƙonsa don Allah ya yi haka. Kuma tunda na ga abin da ya faru, bari in yi wa na baya sauƙi tun yanzu. Wanda na kira Maigidana a rubutun nan yana da sunan yanka, yana cikin takardun makarantar 'ya'yansa, a can za ku same shi, ba a bakina ba. Shi ma mutum ɗaya ne. Kada a ƙirga mini shi biyu.